Bovington, Inda Ake Tayar da Tsofaffin Tankokin Yaƙi

Jirgin ƙasan da ke zuwa Weymouth daga tashar Waterloo ta Landan yake tashi, kuma wanda zai sauka a ƙauyen Wool sai ya shirya wa zaman awa biyu da rabi ko kusa da haka. Ɗan yayata da ke karatun injiniya a Ingila ne ya sayo mana tikiti tun da sauran watanni, don bikin tankokin yaƙi na Bovington, wanda suke kira Tankfest, ba a cika samun tikitinsa a bakin ƙofa ba. A ƙarshen watan Yuni ake yin sa, kwana uku a jere, lokacin da rana ba ta faɗuwa a ƙasar sai bayan tara na dare. "Kawu," in ji shi, "ka daɗe kana karanta yaƙe-yaƙen nan a littafi. Zo ka ji ƙararsu da kunnenka."

Mun wuce Winchester da Southampton, muka ratsa dajin New Forest inda dawaki ke kiwo sake babu makiyayi, sannan Bournemouth da Poole, teku na leƙowa ta taga tana ɓuya. Tun daga Southampton na fara gane abokan tafiyarmu. Ga dattijo da baƙar hular sojan tanka mai ɗauke da lambar rundunarsa. Ga uba da 'ya'yansa, kowanne rataye da abin toshe kunne a wuya. Ga wani saurayi cikin kakin ulu mai kauri irin na 1916, ƙwaurinsa naɗe da doguwar tsumma har gwiwa, gumi na tsatsafo masa amma bai ɓalle ko maɓalli ɗaya ba. A Wool kusan taragon namu duka ya sauka.

Daga tashar zuwa gidan tarihin bai fi mil biyu ba. Motar bas ta haye kogin Frome da mu, ta bi tsakanin gonaki da shingen kore, kuma a bakin titi akwai allunan gargaɗi cewa tankoki na tsallaka hanya. Allunan ba na ado ba ne. Bovington barikin soja ne mai rai, tun 1916 a nan Birtaniya take horar da masu tuƙa tanka, har yau kuma ba a daina ba. Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, an kwaso tankoki daga Faransa an jibge su a filayen nan, akasarinsu aka yayyanka aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Marubucin nan Rudyard Kipling ya ziyarci wurin a 1923, ya ga sauran da suka rage suna tsatsa, ya ba da shawara a samar musu matsuguni. Sai a 1947 aka buɗe wa jama'a ƙofa. Yau gidan na riƙe da motocin sulke kusan 300 daga ƙasashe 26.

Ɗan nawa ya so mu wuce filin wasa kai tsaye mu kama wurin zama. Na ce masa a'a, mu fara da inda abin ya faro.

A zauren Yaƙin Duniya na Ɗaya an gina hanya guda wadda dole ka bi ta yadda kurtun wancan zamani ya bi. Za ka fara da ofishin ɗaukar soja, ka wuce ta taragon da ke kai mutane bakin daga, sai ka tsinci kanka a cikin rami. Haske ya ragu, bango ya matso, buhunan yashi sun haura kanka, ƙarar igwa na tashi daga nesa. Ka ƙetare zuwa ramin Jamusawa, ka ga mutum-mutumin sojoji sun ɗaga kai cikin firgici, kai ma ka ɗaga naka. A nan bisa kanka gaban wata tanka ya leƙo bakin ramin, sarƙarta cike da taɓo, tana shirin auka muku. Ita ce Mark I, kuma ita kaɗai ta rage a duniya cikin irinta. Ranar 15 ga Satumba 1916, a Flers-Courcelette da ke yankin kogin Somme, aka fara fitar da irinta fagen fama. An ware 49, amma da yawa sun lalace tun kafin su isa layin farawa. Na sha karanta wannan. Tsayuwa a ƙarƙashinta ne ya fahimtar da ni abin da ya sa mutumin da ya jure ruwan harsasai wata da watanni ya watsar da bindigarsa ya ruga da ya gan ta.

Wanda ke cikinta ma ba hutu yake yi ba. Nauyinta tan 28 ne, gudunta bai wuce kilomita shida a awa ba, mutum takwas ke ciki, huɗu daga cikinsu aikinsu sarrafa tafiyarta kawai. Injin a tsakiyar ɗakin yake babu abin da ya raba shi da mutane, zafi yakan kai digiri 50, hayaƙi na sumar da su, ƙara ba ta barin kowa ya ji maganar ɗan'uwansa sai dai a ƙwanƙwasa ƙarfe a yi alama da hannu. Harsashi in ya daki jikinta daga waje, ɓarɓashin ƙarfe na fantsamowa ciki, shi ya sa aka yi musu abin rufe fuska na fata da sulke. In za su aika saƙo baya, tattabara suke saki. Ba nisa da ita akwai kakar su duka, Little Willie, wadda kamfanin William Foster na garin Lincoln ya ƙera a 1915 don gwaji, ba ta taɓa ganin yaƙi ba.

Da muka fito waje sai muka faɗa wata duniya. A filin ciyawa an kakkafa tantuna rukuni-rukuni, kowane rukuni da yaƙinsa da shekararsa. Su ne masu kwaikwayon tarihi. Ba sojoji ba ne, ba kuma 'yan wasan da ake biya ba. Malaman makaranta ne, da direbobi, da ma'aikatan asibiti, da 'yan fansho, masu kashe kuɗin aljihunsu su ɗinka kaki, su nemo takalmi mai ƙusa da gwangwanin abinci da reza irin ta wancan lokaci, su kwana a tanti, su dafa shayi a kan ɗan murhun da sojan da suke kwaikwayo ya dafa nasa. Bindigoginsu ko dai an kashe su yadda ba za su sake harbi ba, ko kuma albarushi kawai suke tashi babu dalma, don dokar ƙasar ba ta wasa da wannan.

Rukunin 1916 sun gina ɗan guntun ramin yaƙi, kuma a nan na fi daɗewa. Wani dattijo mai igiya uku ta saje a hannun riga ya ga na tsaya ina kallo, ya ce, "Malam, sauko ka gani. Daga sama ba a gane rami."

Na sauka. Ya fara nuna mini da ƙasa. An shimfiɗa katakai masu tsaga-tsaga don ruwa ya bi ta ƙarƙashi, domin a Flanders in ka haƙa ƙafa biyu ko uku sai ruwa ya ɓullo. Mutumin da ya yi kwanaki tsaye a cikin ruwan sanyi da takalmi ɗaure, ƙafarsa kan kumbura ta mutu, wani har a yanke ta. Saboda haka hafsoshi suka riƙa duba ƙafafun mutanensu kullum, ana shafa musu man kifin whale, ana tilasta canjin safa. Ya nuna mini ɗan dakalin da ake hawa a yi harbi, da madubi mai dogon wuya da ake leƙa waje da shi, don wanda ya ɗaga kansa da rana maharbi na jiran sa. Na tambaye shi me ya sa ramin ya karkace maimakon ya miƙe. Ya ce da gangan ne. In bam ya faɗa a lungu ɗaya, kwanar za ta tare ɓarɓashinsa, in kuma abokin gaba ya shigo, ba zai tsaya a kai ɗaya ya share layin duka da bindiga mai jigida ba. Irin wannan rami, layi biyu ko uku a kowane ɓangare, ya miƙe daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, kimanin kilomita 700.

Ya ɗora mini hular kwano, ya miƙo mini bindigar Lee-Enfield mai cin harsashi goma. Ta fi yadda na zata nauyi. Ya ce ƙwararren soja kan saita ya harba goma sha biyar a minti ɗaya da ita, amma Vickers da ke girke can gefe, wadda ake sanyaya bakinta da ruwa, tana aman kusan 500 a minti. Wannan lissafi shi ne duk labarin ramin. Bindiga mai jigida da waya mai ƙaya sun sa mai tsaron wuri ya fi mai kai hari ƙarfi nesa ba kusa ba, sai kowa ya nutse cikin ƙasa, aka yi shekara huɗu ana neman hanyar fitowa. Tanka amsar wannan matsala ce: abin da zai taka waya, ya ƙetare rami, harsashi bai huda shi ba.

Sannan ya ciro usur daga aljihu, ya riƙe bai busa ba. Ya ce ranar 1 ga Yuli 1916, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, aka busa irinsa a bakin Somme, mutane suka hau tsani suka fita fili. Kafin dare sojojin Birtaniya 57,470 sun faɗi, 19,240 daga cikinsu matattu. Ƙanen kakansa na cikin waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunansa kawai ke rubuce a bangon tunawa na Thiepval. "Shi ya sa nake sa kayan nan," in ji shi. "Yara na zuwa su tambaye ni ko da daɗi. Sai in ba su rigar su taɓa, in gaya musu ƙwarƙwata a ɗinkin nan take kwana." Na yarda da mutumin nan. Babu alamar sha'awar jini a tare da shi. Abin da yake yi karantarwa ce, kuma ya fi malamai da yawa iya ta.

Daga nan muka shiga layin motoci, inda ɗan nawa ya samu abin da ya kawo shi. Ga jif ɗin Amurka na Willys da Ford, waɗanda aka ƙera kimanin 640,000 a lokacin Yaƙin Hitila. Ga manyan motocin Bedford, ga baburan BSA na masu kai saƙo, ga ƙaramar mota mai sarƙa da ake kira Bren Carrier. Mafi yawansu mallakar mutane ne ba gwamnati ba. A Birtaniya mutum na iya sayen tsohuwar motar sulke in an kashe bindigarta, akwai ma ajin lasisin tuƙi na musamman don abin hawa mai sarƙa. Wani mai Bedford, hannunsa baƙi ƙirin da baƙin mai, ya gaya mana a rumbun wata gona ya tsinci tasa, kaji na ƙwai a kujerar direba, ya yi shekaru yana haɗa ta. Abin da ya rasa a kasuwa sai ya kai zane wurin maƙeri a ƙera masa sabo. Ɗan nawa ya shige ƙarƙashin motar tare da shi, na bar su suna maganar giya da kafireto.

Ni abin da ya tsayar da ni wasu motoci biyu ne da ke gefe: Ferret mai ƙafa huɗu ta kamfanin Daimler, da Saladin mai ƙafa shida da igwa a ka ta kamfanin Alvis. Duk ɗan Najeriyar da ya yi wayo kafin 1970 ya san sunayen nan. Da su sojojin tarayya suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kuma irinsu ne mutanen Kaduna da Legas suka riƙa wayar gari su gani a bakin gidan rediyo duk ranar da aka yi juyin mulki. A nan an goge su suna ƙyalli, yara na hawa ana ɗaukar su hoto. A wurin mai su kayan tarihi ne. A wurinmu suna cikin abin da iyayenmu ke rage murya in za su ba da labarinsa.

Akwai kuma sansanin masu kwaikwayon sojan Jamus na zamanin Hitila. Sun iya aikinsu, kayansu daidai har zuwa ɗinkin aljihu. Hujjarsu ita ce ba a nuna yaƙi da ɓangare ɗaya, kuma hujja ce mai ƙarfi. Duk da haka ban ji daɗin tsayuwa a wurin ba. Kakin nan shi ne ya tsare ƙofar sansanonin kisa a zamanin da aka hallaka Yahudawa miliyan shida, kuma tanti da tukunyar miya da wasan karta ba sa nuna wannan. Mai kallo yaro zai tafi da hoton kyakkyawar hula da takalmi mai sheƙi. Nauyin da ke kan wanda ya sa wannan kaya ya fi na kowa a filin, ya kamata bakinsa ya faɗi abin da kayan suka ɓoye. A cikin gidan tarihin, inda Tiger 131 take, an fi kula da wannan. Ita ce tankar Jamus da sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943, ita kaɗai ce Tiger ta farko da har yau injinta ke tashi, kuma ita aka yi amfani da ita a fim ɗin Fury na 2014. Saboda tsufa ba a cika tayar da ita ba sai a ranakun da aka keɓe mata.

Bayan mun sami gefen wani shinge mun yi Azahar da La'asar a haɗe a kan ciyawa, muka nufi babban fili, wanda ake kira Dandalin Kuwait. Tudun da ke kewaye da shi ya cika maƙil, dubban mutane zaune a kan barguna da kujerun naɗewa. Mai sharhi na bayani ta lasifika, tankoki na shigowa bisa tsarin shekarunsu. Ta farko Mark IV ce, tana rarrafe. Ba ta asali ba ce, an ƙera ta ne don fim ɗin War Horse na 2011, gidan tarihin ya saye ta daga baya. Na asalin an daina tayar da su don ƙarfen da ya haura shekara ɗari tsagewa yake in an motsa shi. Irinta sama da 400 aka tara a Cambrai ranar 20 ga Nuwamba 1917, ranar da tanka ta fara nuna abin da za ta iya in an sake ta da yawa a kan busasshiyar ƙasa.

Sai Sherman ta Amurka, wadda aka ƙera kusan 49,000, sai na zamanin Yaƙin Cacar Baki, Leopard ta Jamus da Chieftain ta Birtaniya, har zuwa Challenger 2 da sojojin ƙasar ke aiki da ita yanzu. Gani ya kori ji, amma a nan jin ma ba na kunne kaɗai ba ne. Kafin tanka ta iso ƙasa ke fara rawa a ƙarƙashinka, sannan ƙugin injin ya shiga ƙirjinka, sannan kukan sarƙa mai tsinin da ke tayar da tsigar jiki, sannan ƙura da warin dizal su lulluɓe ka. Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Tan sittin na ƙarfe ya taso a guje ya haye tudu ya juya a wuri ɗaya, dole ka jinjina wa hankalin da ya ƙera shi da hannuwan da suka raya shi.

Da T-72 ta Rasha ta shigo, gajera mai faɗi tana tuttuɗo baƙin hayaƙi, jama'a suka ɗauki tafi. Ɗan nawa ya taɓa ni ya ce, "Kawu, ba irinta ba ce ake nunawa a labaran Borno?" Irinta ce. Najeriya ta sayo su a tsakanin 2014 da 2015 don yaƙi da Boko Haram. Daga nan kallona ya canja. Da aka zo wasan ƙarshe, aka tayar da nakiyoyin wasa, wuta ta tashi sama, masu kaki suka ruga suna harbi wasu na zubewa, wata yarinya a gabanmu ta yi tsalle tana dariya a kafaɗar mahaifinta. Ban ga laifinta ba, ban ga na uban ba. Ƙasarsu ta yi shekaru tamanin bam ɗin jirgin abokan gaba bai faɗo a garuruwanta ba, kuma wannan ni'ima ce da nake roƙa wa 'ya'yanmu. Amma na san yara a Maiduguri da Gwoza da Diffa waɗanda in suka ji wannan ƙara ƙarƙashin gado za su shige. Da hayaƙi ya lafa, matattun suka miƙe suka kaɗe ciyawa daga gwiwa suka yi layi ana tafa musu. Wannan miƙewa ita ce iyakar abin da kwaikwayo zai iya, kuma dattijon ramin ya fi kowa sanin haka.

Tambayar da ta riƙa cin raina tun safe ita ce: ina namu? Na zaga rukunin tantunan ban ga baƙar fata cikin kakin Rundunar Afirka ta Yamma ba, alhali ramin yaƙi ba baƙo ba ne a tarihinmu. Sojan da ake ɗauka shi ne ya fara harbi a ɓangaren Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Alhaji Grunshi ne na rundunar Gold Coast, a Togo, cikin Agustan 1914. A ƙarshen wannan watan sojojin Najeriya suka taso daga Yola suka auka wa Garwa, suka tarar Jamusawa sun haƙa ramuka sun gina ganuwa, aka kore su da asara mai yawa, har kwamandansu Maclear ya mutu. Garwa ba ta faɗi ba sai Yunin 1915, dutsen Mora kuwa ya riƙe har Fabrairun 1916. A ɓangarorin biyu, masu mutuwa akasari 'yan ƙasa ne, da yawansu da Hausa ake ba su umarni. Chari Maigumeri ya fara soja a ƙarƙashin Jamus, aka kama shi a Garwa, ya koma rundunar Najeriya, ya yi Gabashin Afirka da Habasha da ƙasar Bama, ya zama samanja mai lambobin yabo, yau barikin Lokoja na ɗauke da sunansa. A watan Oktoban 1917 birged ɗin Najeriya ya sha wuta a Mahiwa, cikin ƙasar Tanzaniya ta yau. A 1941 wani birged ɗin namu ya tashi daga Mogadishu a motoci ya ci kusan mil dubu zuwa Harar cikin kimanin wata guda. Irin motocin da aka goge aka jera a filin nan, kakanninmu sun tuƙa su.

Ba na cewa mutanen Bovington sun ɓoye mu da gangan. Mutum kakansa yake kwaikwayo, kuma abin da aka adana shi ake nunawa. Amma rashin ya samo asali tun da daɗewa. A Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, sun mutu a yaƙin farko ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ba sam. Mu ma a gida ba mu yi abin kirki ba. Mun iya wannan sana'a tun da daɗewa, domin hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, da 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan bindiga kowa a jerinsa, rundunar yaƙi ce ta ƙarni na 19 ake fitarwa duk shekara, kuma shi ya sa har yau akwai mai ɗinka lifidi da mai gyaran sulke. Sojan 1915 da na 1944 kuwa babu wanda ya gaji kayansa. Tsohon da na sani a unguwarmu ina yaro, ɗan mazan jiya, lambobinsa a gwangwanin taba suke, kuma da ya rasu ban ji wanda ya tambayi inda suka shiga ba. Muna wuce barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, da na Chindit a Zariya, kaɗan ne cikinmu suka san sunayen daga yaƙin Bama suka zo.

Rana ta yi sanyi, mutane sun fara naɗe barguna, sai muka ci karo da wani ƙaramin tanti a can ƙarshen layi. Mutum uku ne cikin koren kaki da hula mai faɗin baki, suna kwaikwayon Runduna ta 14 da ta yaƙi Japan a Bama, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu. Babu tanka a gabansu, babu jif, sai adda da gidan sauro da buhun da ake jefowa daga jirgin sama, shi ya sa masu kallo ba su taru a wurin ba. Na gaishe da babbansu na ce daga Najeriya nake. Ya ajiye kofin shayinsa ya miƙe tsaye.

"Malam, tamanin da ɗaya ko tamanin da biyu?"

Ya san su sarai. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kimanin mutum 90,000 da aka kai yankin, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Ya san kwarin Kaladan, da hanyar jif mai tsawon mil 75 da suka sara da adda da diga a cikin kurmi da tsaunuka, da kama Myohaung a Janairun 1945, da bataliyoyin Najeriya da suka shiga bayan layin Japan tare da dakarun Chindit a 1944. Ya ce abin da ya sa aka tura su inda aka tura su shi ne suna iya zuwa inda mota ba ta zuwa: kowace runduna na da dubban 'yan dako masu ɗaukar harsasai da abinci da sassan igwa a ka, jirgi na jefo musu guzuri daga sama. Yaƙin da aka yi da ƙafa da wuya bai bar injin da za a tayar a dandali ba.

Ya shiga tanti ya fito da wani allo da aka liƙa tambarin rundunoni a kai. Ya nuna mini baƙin gizo-gizo a kan rawaya, na ta 81. Sannan ya ɗora yatsa a kan na ta 82, māsu biyu a gicciye sun ratsa wani zagaye, ya ce mutane da yawa kan ɗauka zagayen igiya ce ko kambun ganye. Ɗan nawa ya sunkuya ya duba da kyau.

"Kawu, ai gammo ne."

Na ce gammo ne. Baturen ya ce ya san na 'yan dako ne amma bai taɓa ganin yadda ake yin sa ba, kuma ƙungiyarsu ta daɗe tana son nuna ɗan dako da kayansa, ba su samu wanda zai tsaya musu ba. Na karɓi tawul ɗin da ke wuyansa na murɗe shi na naɗe, na ɗora wa ɗan nawa a ka, muka ɗaga akwatin harsasan da ke bakin tantin muka aza masa. Ya yi taku goma ya dawo, wuyansa na rawa, alhali akwatin babu komai a ciki. Mutanen da ke wucewa suka fara tsayawa suna tambayar wace runduna ce wannan, Baturen ya juya ya fara yi musu bayani tun daga Kaladan.